Injin Da Ba Ya Kuka

Mijina ya sayi jirgin ruwa a shekarar da ya daina jin magana. Ba taurin kai nake nufi ba, wannan da shi na aure shi, kuma na san abin da na ɗauko. Kunnen ne ya fara tafiya.

Aikinsa gyaran layin dogo ne a ƙarƙashin ƙasa, cikin ramukan nan da jiragen New York ke bi. Tun ƙarshen shekarun tamanin yake shiga rami da safe ya fito da yamma, ƙarfe na gugar ƙarfe a gindin kunnensa. An ba su abin toshe kunne, shi kuwa ya ce shi ba jariri ba ne, ya zuba a aljihu, ni nake tsince su ranar wanki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Bronx, shi ya sa yake ce mini Sista tun muna Zariya, ko da faɗa muke yi. Gidanmu a Highbridge yake, a kan tudun da in ka hau shi da kayan cefane sai ka nemi gafarar zunubanka. Daga tagar kicin muna hango gadar ƙarfen da jirgi ke bi ta sama. Wato bawan Allah ya yini da jirgi a ƙasa, ya dawo gida jirgi ya bi ta kansa.

Da talabijin abin ya faro. Zai ƙure murya har maƙwabta su buga bango, in na ce ya rage ya ce Turawan labarai ne ba sa buɗe baki. Daga nan ya koma kaina, wai na koyi haɗiye magana. Ni! Ni da in na kira yara daga taga har na layin baya suke amsawa. Ranar da na tabbatar abin ya yi nisa, a coci ne a Tremont. Fasto ya sanar cewa an sace motar wani dattijo a bakin gidansa, maigidana ya ɗaga hannu ya ce, "Amin!" da ƙarfinsa. Dattijon bai sake gaishe mu ba sai Kirsimeti.

Ina ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi, amma a raina ba dariya ba ce. Mutumin nan da hira ya same ni. Ba shi da keke sa'ad da ya zo neman aurena, kyau kuwa Allah ya raba bai zo da wuri ba, amma yana da baki. Zai zauna a ƙofar gidanmu ya yi ta zuba har uwata ta manta tana korarsa ta kawo masa ruwa. Muka zo ƙasar da ba mu da uwa ba mu da uba, hirar nan ita ce danginmu. Sai ga shi ta koma ihu: "Ka ci abinci?" "Eh?" "ABINCI!" Ba a faɗa wa mutum abin da ke zuciya da ihu. In ka ɗaga murya ka ce "na gaji yau," sai ta fito kamar kana neman faɗa. A hankali na daina faɗa masa komai sai abin da ya zama dole, shi ma ya daina tambaya. Ina kewar mijina yana zaune a gabana, kuma abin yana ci mini rai.

Na je na sami wata likitar kunne a asibitinmu na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce irin wannan kunnen ba rufewa yake yi gaba ɗaya ba tukuna, hayaniya ce take cinye masa kalmomi. In wuri ya yi tsit, zai iya ji fiye da yadda nake zato. Na ce, "Likita, a Bronx? Ina za a sayo tsit ɗin?" Ta ce dai in kawo shi a duba. Na dawo na faɗa masa, da ihu mana, ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma ba mai maƙala masa rediyo a kunne ya zama abin kallo a wurin aiki.

Yanzu sai in faɗa muku wani abu game da ni. Ban taɓa kiran sunan mijina ba. Haka na taso na ga uwata, haka ta ga tata. A ƙauyenmu, Kirista ko Musulma, mace ba ta kama sunan mijinta. Maigida ne, ko Baban yara, in ya ɓata mini rai kuma "kai malam." Abokan aikina suka ɗauka wasa nake. 'Yata ta taɓa tambayata, da Turanci kamar yadda suka saba, ko dai na manta sunan ne. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

To wata rana yana zaune ya ba ni baya, talabijin na tsage gida, jirgi na wucewa, ni kuma na kira shi cin abinci har makogwarona ya bushe. Haushi ya kama ni, na buɗe baki na kira sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba ko "malam" a gaba. Gabana ya faɗi, na dafe bango ina jiran rufin gida ya rufto. Ko gezau. Mutumin yana nan yana kallon 'yan ƙwallo. Tun daga ranar abin ya zame mini jiki. Ina wanke-wanke in kira, ina guga in kira, wani lokaci in haɗa da "mai kunnen ƙashi." Daɗi nake ji kamar yarinyar da ta saci suga. Amma duk sa'ad da na kira bai juyo ba, sai daɗin ya tsaya mini a wuya.

Ana cikin haka, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ya shigo gida yana washe baki ya ce sun sayi jirgin kamun kifi. Shi da wa? Shi da maƙwabcinmu na hawan ƙasa, wani mutumin Nijar da ke sayar da agogo da tabarau a Canal Street, kowa Mai Agogo yake ce masa. Mai Agogo ɗan Gaya ne, bakin kogi, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. "Madam, ni hwa jikan sarkin ruwa na," haka yake ce mini duk haɗuwa. "Kihi ya san muryata." Ya taɓa gaya mini cewa da aka ce masa a Canal zai yi kasuwanci, wato magudanar ruwa da Turanci, murna ya yi, ya ɗauka bakin ruwa ne, ya zo ya tarar da kwalta da 'yan sanda.

Jirgin kuwa, kada ku ɗauka wani abin kirki ne. Wani abokin aikin maigida da zai yi ritaya ya ƙaƙaba musu. Dogayen ganguna biyu ne na roba, an shimfiɗa faranti a kai, an dasa kujeru biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Da na gan shi ɗaure a kan tsohuwar motar kayan Mai Agogo, na ce wannan ai gadon asibiti ne aka cire wa ƙafafu. Fitarsu ta farko, wani tafki suka je a arewacin birni, da filafilai biyu. Suka dawo ba kifi, ba magana. Daga baya na ji cewa yini suka yi suna zagaye wuri ɗaya, don jikan sarkin ruwa ya riƙe kujera da hannu biyu ya ƙi saki, maigida kaɗai ke tuƙi ta gefe guda. Aka yanke shawara sai an sa inji.

Maigida ya riga ya gama zaɓe a ransa: inji mai shan fetur, babba, mai ruri. Na san dalili ko bai faɗa ba. Abin da yake ruri shi kaɗai ya rage masa da yake ji sosai.

Ranar Asabar suka shirya zuwa City Island, can ƙurewar Bronx inda masu jiragen ruwa da kantunansu suke. Na ɗauki jakata na ce da ni. Maigida ya ce me mace za ta yi a kantin inji. Na ce wa zai ji abin da mai kanti ke faɗa, shi ko Mai Agogo da Turancinsa bai wuce "ten dala, ten dala" ba? Bai ji ba, amma ya ga fuskata, ya matsa mini wuri a mota.

Mai kantin wani tsohon Bature ne mai jan wuya, yana magana a hankali kamar ana cirar masa haƙori. Da ya ji sunan tafkin da suke zuwa, ya girgiza kai ya ce can ba a yarda da injin fetur ba, sai mai batir. Na juya na kwarara wa maigida. Fuskarsa ta faɗi. Tsohon ya kai mu bango inda aka jera su: sanda doguwa, ƙasa da 'yar farfela, sama da makama. Maigida ya dube su sheƙeƙe ya ce, "Wannan ai maburgin miya ne."

Tsohon ya sauko da ɗaya ya ce wannan fam talatin ne, fam na awo ba na kuɗi ba. Na fassara. Maigida ya yi lissafi, sai ya ce, "Fam talatin kawai yake ɗauka? Sista, ai ko ƙafarki ɗaya ba zai ja ba." Mai Agogo ya tsaya yana mayar da fam zuwa kilo da yatsu, ya ce lalle moter ɗin nan na yara na. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na tambayi tsohon. Ya ce a'a, ba nauyin da yake ɗauka ba ne, ƙarfin da yake tura ruwa ne ake aunawa da fam. In kaya sun yi yawa a jirgi sai a nemi mai fam da yawa. Ga maza biyu marasa jiki irin waɗannan, talatin ya isa. Ya tambayi tsayin farantin daga ruwa don ya san tsawon sandar da za ta dace, kada farfela ta riƙa leƙowa tana shan iska. Mai Agogo ya gwada da hannu daidai ƙirjinsa, maigida ya gwada daidai gwiwa. Na ce a bi na maigida, don shi ne idonsa yake buɗe ranar. Tsohon ya ƙara da cewa irin wannan jirgin gara a ɗaura injin a gaba ya ja, ya fi sauƙin juyawa a kan a sa shi a baya ya tura, kuma a sayi batir na musamman mai jure dogon aiki, ba na mota ba. Duk ina fassarawa da ihu, har wasu masu sayen ƙugiya suka koma kallonmu.

A bayan kantin akwai wata babbar ganga cike da ruwa, ta gwaji. Tsohon ya maƙala injin a bakinta, ya haɗa waya da batir, ya murɗa makama. Ruwan ya fara juyawa, injin na wani ɗan zuuu siriri kamar sauro. Maigida yana tsaye nesa kaɗan, ba ya hango cikin gangar. Ya jira, ya jira, sai ya ce da Turanci, da ƙarfi, "To ka kunna mana!"

 Tsohon ya dube ni. Mai Agogo, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sami wani abin kallo a rufi. Maigida ya matso ya leƙa, ya ga ruwa na tafasa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin ya bar shi nan, yana jin rawar da yake yi.  Na yi shekaru ina so a kama shi dumu-dumu ya daina musu, ga shi an kama shi a gaban Bature da maƙwabci, kuma da zan iya mayar da hannun agogo da na mayar.

Na ɗauka zai ce injin banza ne mu tafi. Ya fara ma: "Injin da ba ya kuka ai..." Sai ya tsaya. Ya juyo ya dube ni, ya rage murya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Sista, ke kina jin sa?"

Na ɗaga kai.

"Da ƙara?"

Na gwada masa da yatsu biyu: kaɗan.

Ya ce, "To ki saurara mana. Ki zaɓi wanda ya fi."

Bai ce wanda ya fi me ba. Ni kuwa maganar likitar nan ta faɗo mini a rai tun sa'ad da na ji zuuu ɗin. Na sa tsohon ya gwada duk waɗanda yake da su masu wannan tsawon. Na tuɓe ɗankwali daga kunne na sunkuya bakin ganga kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci. Wani yana gurnani, wani yana kaɗa haƙora in an ƙara masa wuta. Akwai wani baƙi da in ba ka ga ruwa na motsi ba sai ka rantse a kashe yake. Na ce wannan. Sannan na ce wa tsohon ya sani fa, ni ma zan riƙa hawa jirgin. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi injin fam talatin, ya mayar da shi bango, ya sauko da yayansa mai fam arba'in, bai ce kanzil ba. Ban taɓa shan zagi mai ladabi irin wannan ba. Na sa aka gwada shi ma, shiru ne kamar ƙanensa, muka ɗauka.

Asabar ta gaba muka kama hanyar tafkin da sassafe, da kular shinkafa da soyayyen naman kaza, don ni ban dogara da kifin da ba a kama ba. Kujera biyu ce a jirgin, mu uku ne. Mai Agogo ya riga ya sa rigar nan mai hana nutsewa har guda biyu, ɗaya kan ɗaya, amma da ya ji na ce zan hau sai ya yi farat ya ce, "Madam, bisimilla, ni in tsare mota. Ɓarayi sun yi yawa ƙasar ga." Ba kowa a wurin sai agwagi. Ya zauna a inuwa kusa da kular, na san naman kazar nan ya shiga uku.

Hawana jirgin ba abin da zan so a ba da labari ba ne. Ya nutsa ta baya, ya ɗaga ta gaba, na kira Yesu da uwata a numfashi ɗaya. Da ƙyar muka daidaita, batir a tsakiya, maigida a kujerar gaba da makama a hannu, ni a baya na riƙe ƙarfen kujera. Ya murɗa. Ba abin da ya yi ƙara. Gaɓa ce kawai ta fara ja da baya, Mai Agogo yana ƙanƙancewa da cinyar kaza a hannu.

Ban san na manta yadda shiru yake ba sai ranar. Ba jirgin ƙasa, ba jiniya, ba rediyon maƙwabta. Ina jin ruwa na lasar gangunan, ina jin wani tsuntsu can cikin itatuwa. Muka yi nisa har tsakiya. Ya jefa fatsarsa ya bar igiyar tana bin mu, ya rage wuta, muna tafiya kamar ba ma tafiya. Ina zaune ina kallon ƙeyarsa. Furfura ta cinye ta, ban lura ba sai yanzu, ga kunnuwan nan biyu da suka ba ni wahala sun fito ta ƙarƙashin hula. Tausayi da haushi suka taso mini tare. Ban yi niyya ba, wallahi, sabo ne kawai. Bakina ya buɗe na kira sunansa, a hankali, yadda nake yi a kicin.

Ya ce, "Na'am."

Bai ko juyo ba. Ni kuwa da akwai ƙofa a jirgin nan da na fita. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, na ja ɗankwali na rufe baki, mace da 'ya'ya manya. Na ce a raina wataƙila tari ya yi.

Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake. Ya ce, "Ashe kin san sunan. Ni na ɗauka sai a lahira za a gabatar da mu."

Na ce, "Kai malam, ka kula da tuƙinka." A hankali na faɗa, ko ɗaga murya ban yi ba.

Ya ce, "Ina kula." Ya ji wannan ma.

 Igiyar fatsar tana jan layi a kan ruwa. Sai ya murɗa makamar ya kashe ɗan zuuu ɗin da ya rage, jirgin ya tsaya yana lilo. Har yanzu bai juyo ba, kuma na gode masa, don ba zan iya haɗa ido da shi ba. Dariyar ta bar muryarsa. Ya ce, "Sista, na san yana tafiya. Ba tun yau na sani ba. Ki kai ni wurin likitar taki." Ya ɗan tsaya. "Amma sake faɗa tukuna. Ki faɗa da yawa tun ina ji."

Na faɗa. Na sake faɗa. Hawaye na zuba, hanci na zuba, ina kiran sunan namiji a tsakiyar ruwan Turawa kamar marar tarbiyya, shi kuma yana amsa kowanne ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Daga nan hira ta ɓarke. Na ba shi labarin duk abin da na tara: gulmar asibiti, saurayin 'yarmu da bai san da shi ba, har dalilin da ya sa dattijon coci ya daina gaishe mu. Ya yi dariya har ya kusa kifar da mu. Rana ta take, batir ya fara sanyi, muka lallaɓo gaɓa ba ko ɗan kifi ɗaya.

Mai Agogo ya tarye mu da maiƙo a baki, ya leƙa bokiti ya ce, "Ina kihin? Mi kuka yi tun sahe?"

Maigida ya ce, "Eh?" Wata babbar mota ce ke wucewa a titin bayanmu.

Na ce wa Mai Agogo ya kama igiya ya daina tambaya. Sunan kuwa, ku ma kada ku sa rai. Mutum ɗaya na faɗa wa, kuma ya ji.